Motar da Ba Ta Turuwa

Ni fa ban iya tuƙi ba. Gara in fara da wannan, don duk wanda ya ji ni ina zancen mota sai ya ɗauka tsohon direba ne ni. Abin da na iya shi ne turi.

A garejin da nake aiki a unguwar Dokki ta Alƙahira, ƙarƙashin wani dogon bene, ba a tayar da inji don a gyara wa mota zama. Motocin sun fi wurin yawa, a cushe suke layi bayan layi, bamba na shafar bamba. Hanyar fita kuma ɗaya ce tal, wata gangara da ke hawa zuwa titi. Kowa ya dawo da yamma zai kashe motarsa, ya bar ta a firi, ya ƙyale birkin hannu, ya ɗan sauke gilashi, ya hau sama abinsa. Da safe in na can ƙurya zai fita, sai mu tura wannan gaba, mu jawo waccan baya, mu zura hannu ta taga mu karya sitiyari, har hanya ta buɗe. Ko masu otomatik akwai dabarar da ake yi musu su zauna a firi. Haka ake yi ko'ina a Alƙahira, har a bakin titi. Mutum ya ja birkin hannu a layi na biyu, a garin nan rashin tarbiyya ne.

Baba ne mai riƙe da garejin. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka tsaya a hanya, ba su ƙarasa ba, ba su kuma koma ba. Hausarsa irin ta da ce, a cakuɗe da Larabcin Sudan. Shi da matarsa, wadda nake ce wa Inna, suna zaune a wani ɗaki ƙarƙashin gangarar nan, duk motar da ta hau sai kwanukan Inna sun amsa. Ɗakin da aikin a haɗe suke. Ranar da aka karɓe gareji, ranar za su kwashe kaya, kuma ba su da inda za su.

Ni kuwa karatu ya kawo ni daga Zariya. Aka ce sai na gama matakan Larabci kafin in shiga kwaleji, matakan suka yi ta ja, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, sabuntawa ta koma je ka ka dawo. Tun daga nan yawona ya tsaya a wuri uku: ɗakinmu a Abbasiya, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai gareji. In fito daga rami in shiga rami. Ba na yin nisa, don kada a tsayar da ni a tambaye ni takarda. A masallacin Juma'a na haɗu da Baba. Ya ji ina waya da Hausa, ya kama hannuna, bai sake ni ba sai da ya zaunar da ni gaban tuwon Inna. Bayansa ya fara ciwo a lokacin, ni kuma ina da kafaɗa. Haka na fara aiki.

A cikin ramin nan na kamu da son motocin lantarki. Babu wanda ya koya mini, a waya na koya, bidiyo bayan bidiyo, da ɗan Turancina na sakandare. Na gane abin da ya sa suke fizga nan take. Na gane batir a ƙasa yake shimfiɗe kamar katifa, shi ya sa ba sa tangaɗi a kwana. Kuma ka san in ka ɗaga ƙafa, motar da kanta take rage gudu, ta mayar da wutar cikin batir? Wato gangara ce take ba ka caji! Wallahi ranar da na fahimci wannan sai da na tashi tsaye. 'Yan ɗakinmu sun gaji da ni. Da na ce “Kun san kuwa,” sai kowa ya jawo littafinsa ya ce yana da muraja'a.

Ana nan sai Doktor ya sayo ta. Likitan haƙori ne, yana zaune a can hawa na sama. Ba kowace motar lantarki ba fa, mai ƙofa huɗun nan mai gudun tsiya, sabon samfurin da aka yi wa kwaskwarima, wanda na haddace shi tun kafin ya iso Masar. Ruwan toka. Ta gangaro mana da yamma babu ko tari, Baba bai san da ita ba sai da ta tsaya a bayansa.

“A'uzu billahi! Ya zol, wannan mota ce ko mage?”

Doktor ya fito yana dariya. Baba ya ce masa abin da yake ce wa kowa, ya bar ta a firi. Doktor ya ce ai ba ta da shi. Yana yin gaba, ta naɗe madubanta, ta kulle kanta. Baba ya sa kafaɗa ya gwada. Ya gyara tsayuwa ya sake gwadawa. Sai ya juyo ya dube ni.

“Ɗan nan, wannan dasa ta aka yi.”

Na yi masa bayani cike da daɗi. Da direba ya fita, ita da kanta take riƙe ƙafafunta. Akwai hanyar sakin su, amma a cikin allon da ke gaban direba take, sai ka shiga ciki da makulli, makullin kuma wayar Doktor ce, ko wani ɗan kati. Baba ya roƙi katin. Doktor ya ce, “Ya Hajj, matata ma ban ba ta ba.”

Bayan ya hau sama Baba ya ce ba a garejinsa ba. Yana da dalili. Benen na Hajja ne, wata tsohuwa da ke hawa na farko, mai zuwa wankin ƙoda asibiti. Ɗanta ya daɗe yana matsa mata ta ba kamfani garejin, kamar yadda maƙwabta suka yi: a sa ƙofa mai kati, a ja layi, kowace mota da wurinta, babu turi babu mai turi. Kwanakin baya wani baƙo ya ja birkin hannu ya tafi, mutane suka makara aiki, ƙara ta kai mata. Ta kira Baba ta ce, “Ina jin kunyarka, ya Hajj, mun daɗe tare. Amma in aka sake tsare mini mutane, khalas, shi ke nan, zan saurari ɗana.”

Ni na yi ta roƙon Baba ya bar motar ta zauna. Na ce Doktor ne ƙarshen dawowa, shi ne kuma farkon fita, don asibitinsa yana da nisa. A ba shi gindin gangara. Ya shigo bayan kowa, ya fita kafin kowa, ba za ta taɓa tare wa wani hanya ba.

Baba ya ce, “Wato mu toshe bakinmu da dutse kullum, muna fatan mai dutse zai tashi da wuri.”

Na ce, “Baba, ka bar mini ita. Na san ta.”

Korar mazaunin gida ma ƙara ce za ta jawo, ya sani. Doktor ya rantse ba zai taɓa makara ba. Baba ya ƙyale, aka ba shi wurin.

Kai, watannin nan na ji daɗinsu! Kullum da sassafe ina goge ta, Doktor ya sauko, in tare shi da tambaya. Shi kuma mutum ne mai son a tambaye shi. Abin da ya fi yabo shi ne kujera, wai tana hura masa sanyi a baya, ya isa asibiti rigarsa a bushe. Sai kuma shirun cikinta. Ya ce in ya rufe gilashi, hon ɗin 'yan ƙananan bas ɗin nan kamar daga wata unguwa yake jin sa. Shokazoba kuma zaɓi ake yi, mai laushi ko mai tauri. Ya ce sau ɗaya ya taka ta sosai a hanyar Iskandariyya da matarsa a ciki, har yau ba ta yafe masa ba.

Yana da ƙorafi ma. Gabanta ya yi ƙasa da yawa, duk tudun rage gudu sai ya hau shi a kaikaice kamar ƙaguwa, na baya suna zaginsa. Rufin gilashi ne, a watan zafi yana dafa masa sanƙo, sai da ya aika aka yanko masa mayafi a kasuwar Ataba. Tayoyin baya kuma tana cin su kamar gyaɗa.

A ɗaya gefen titi akwai wani injiniya, kowa Bashmuhandis yake ce masa, shi ke da tsohon samfurin, yana ajiye ta a bakin kantin sigari. Shi da Doktor ba sa magana. Ba faɗa suka yi ba, kowa dai na jiran ɗaya ya fara gaisuwa. Sai na zama ɗan aikensu ba tare da an naɗa ni ba.

Bashmuhandis ya ce, “Sun ɗauki motar tsere sun mayar da ita kujerar falo. Tawa kana jin kowace tsakuwa a ƙashin bayanka, haka mota mai gudu take.”

Na kai wa Doktor. Ya ce, “Ka ce masa ya zo in duba haƙoransa kyauta, na san duk sun girgiɗe.”

Na mayar. Bashmuhandis ya kurɓi shayi ya ce, “Ka tambayi likitanka. Sun cire masa sandar sigina sun sa maɓalli a jikin sitiyari. In ya karya kan mota a shataletale, ina maɓallin yake komawa? Sama ko ƙasa?”

Wannan kam gaskiya ce, masu ita da yawa suna kuka da shi, na gani a waya. Na ɗauka Doktor zai rasa amsa. Sai ya ce, “Ka ce masa, wa yake sa sigina a Masar?”

Wata rana da babu kowa, Bashmuhandis ya kira ni gefe ya rage murya. “Da gaske kujerar tana hura sanyi?” Na ce da gaske. Ya ce, “Shirme,” ya shiga tasa da jiƙaƙƙiyar riga.

Har Inna tana da nata ra'ayin. Ta ce duk garejin ita kaɗai ce mai mutunci, don ba ta yi wa shanyarta hayaƙi.

Ni kuwa duk wannan, ban taɓa zama a cikinta ba. Ta gilashi nake leƙe. Na san inda kowane abu yake a allon nan kamar yadda na san hanyar masallacinmu, amma yatsana bai taɓa shi ba.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, zafi ya riga ya sauko. Na fito daga tashar jirgi na karyo kwanar layinmu, sai na hango mutane a tsaye a bakin gangara. Na kutsa na leƙa ƙasa. Tana nan a gindin gangara, madubai a naɗe, da ƙurar jiya a kanta. Bayanta motocin gidan kaf.

Ashe kawun Doktor ne ya rasu a garin Mansura. Ƙanin Doktor ya zo da asuba ya ɗauke shi da matarsa a tasa motar. Wanda aka yi wa mutuwa ba ya tuna gareji. Baba ya kira waya har ya gaji, ba a ɗauka ba.

Kuma ranar wankin ƙodar Hajja ce. Motarta tana can ciki, direbanta, wani dattijo, yana tsaye yana juya makulli a yatsa. An ce mata a tsayar da tasi. Ta ce, “Ina da mota, ina da gareji, ina da mai gadin gareji, in hau tasi?” Ta sa aka sauko mata da kujera, aka dasa a saman gangara, ta zauna da sandarta a tsakanin gwiwoyi. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Baba ko kallon “na gaya maka” bai yi mini ba. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, ta riƙe labule da hannu ɗaya.

Misirawa ba sa ganin mota a tsaye su wuce. Mai shayi ya sauko, mai guga ya sauko, masu gadin gidajen maƙwabta, da mazauna gidan da suka naɗe hannun riga. Ina ce musu ba za ta turu ba, ƙafafun a riƙe suke, babu mai saurare. “Yalla ya rijjala! Da sunan Allah!” Suka jingina gaba ɗaya, jijiyoyin wuya suka tashi. Ko motsi. Mai shayi ya ce a zuba ruwan sabulu a ƙarƙashin tayoyi a zame ta gefe, haka suka yi wa wata a unguwarsu. Aka kwaso sabulun wanke-wanken Inna aka malala. Mai guga ne ya zame, ya zauna daɓas, motar kuwa ta fara ihu tana walƙiya da fitilu, ihun yana dukan bango yana dawowa. Wani ya ce a ɗaga ta. Na ce batir ɗin kaɗai ya fi ƙarfinmu. Ya ce, “Kai wa ya tambaye ka?”

Bashmuhandis ya gangaro da kofin shayinsa, ya zagaya ta, ya girgiza kai. Na ɗauka zai yi tsiya. Sai ya ce mini a hankali, “A nan kam tawa da tasa halinsu ɗaya. Me kake tsammani ya sa tawa take kwana a titi?”

Na hau tsakiyar gangara inda waya ke kamawa, na yi ta kira. Duk abin da na sani a kan motar nan yana cikin kaina, babu ko ɗaya da zai matsar da ita taki ɗaya. Can dai Doktor ya ɗauka. Ina jin hayaniyar mutane da karatu a bayansa. Na yi masa ta'aziyya a gurguje, na faɗa masa halin da ake ciki. Ya yi salati, ya ce ma'alish, ma'alish, a yi haƙuri, wallahi ya manta. Ya ce zai buɗe ta daga can ta waya, ya ba ta izinin tafiya, wani ya hau da ita titi.

Baba ya ce a ba Bashmuhandis, tunda ya saba da irinta. Na faɗa a waya.

“Shi? Gara ta kwana a nan.”

Bashmuhandis ya ji, don wayar a buɗe take. Ya ɗaga hannu. “Ni ma ban ce zan shiga ba. Ta goge, mu ƙare a kotu?”

Direban Hajja ya leƙa ta gilashi, ya ga babu wurin makulli, babu sandar giya. Ya ja da baya ya ce shi yana da 'ya'ya.

Doktor ya ce, “Kai ka shiga. Ai ka fi ni saninta.”

Bai taɓa tambayata ko na iya tuƙi ba. Wa zai tambaya? Kullum yana gani na da hannu a sitiyarin motoci.

Sai da ya gwada ya sake gwadawa, saboda a rami muke, sannan ihun ya tsaya, madubai suka buɗe. Na goge tafin hannuna a wando na shiga. Na ja ƙofa.

Shiru. Wallahi ban san akwai irin wannan shirun a Alƙahira ba. Ina ganin bakin Baba yana motsi, mai shayi yana nuna mini hanya da hannu biyu, amma kamar a cikin ruwa suke. Kujerar ta rungume ni ta gefe da gefe. Sai na ji sanyi yana ratsa rigata ta baya. Da gaske ne ashe. Na taka birki, allo ya nuna ta shirya. Abin da ya rage in ja yatsa sama a gefen allon, in ɗaga ƙafa daga nan in sa a can.

Gangarar tana gabana, da haske a ƙarshenta. Na daɗe ina hawa gangarar nan da ita a cikin kaina: in fita titi, in hau gada, in miƙe hanyar sahara, babu mai tsayar da ni ya ce ina takarda. To ga ni a ciki. Amma a cikin hasken nan akwai ƙafafun kujera, da sanda, da takalman Hajja, da ƙafafun mutane a tsaye. Na tuna bidiyoyin da na fi so, waɗanda ake taka ta kan mutum ya bugi kujera, wayarsa ta tashi baya. Ni ban san nauyin ƙafata ba. Ban taɓa taka totur ba a rayuwata. Ga shi izinin da Doktor ya bayar na ɗan lokaci ne, in ya wuce sai an sake nemansa, shi kuma yana maƙabarta.

Na kasa gaba, na kasa fita. Kowa yana kallona ta gilashi.

Sai na shiga cikin allon. Akwai wurin da aka tanada don masu janwe, in mota ta lalace za a ja ta, a nan ake sakin ƙafafun. Yatsana yana santsi da gumi, na danna ba daidai ba, na koma, na same shi. Na riƙe birki na danna. Daga bayan motar na ji wani ɗan ƙwas.

Na sauke gilashi, hayaniya ta afko mini.

“Baba! Na sake ta! Ku tura, mu kai ta wurin wanki!”

Wurin wankin yana gefen hagu, a shimfiɗe, daidai ƙofar ɗakin Inna. Aka ce wa Baba ya bari matasa su yi, ya ƙi. Ya cire takalmi saboda santsin sabulu, ya sa kafaɗa a bayanta tare da sauran. “Bismillah!” Ta motsa. Wayyo, ta motsa! Nauyi gare ta kamar gini, amma tana tafiya, tayoyi suna ɗan kuka a kan sabulu. Na karya sitiyari hagu. Wannan na iya, shi nake yi kullum, sai dai yau daga ciki. Muka wuce ginshiƙi da kamar faɗin tafin hannu. Baba yana cewa, “Kaɗan, kaɗan, bas!” Na taka birki.

Tafiyata ke nan a motar da ta fi kowace gudu a layinmu. Akuya mai kiwo ta fi mu sauri.

Da na fito, Baba yana riƙe da ginshiƙi, ya kasa miƙewa. Ya ce in ƙyale shi in buɗe hanya. Muka tura na turawa, muka fitar da motar Hajja, sauran suka bi suna hon, kowa da abin da yake faɗa ta taga.

Hajja ba ta shiga mota nan take ba, duk da ta makara. Ta sa aka kira mu. Baba ya hau gangara a duƙe, hularsa a hannu. Amma ni ta duba.

“Kai ne malamin motar?”

“A'a, Hajja, ina dai karantawa.”

“To faɗa mini. Zai sake faruwa?”

Akwai amsa a bakina, a shirye. In ce a'a, za mu roƙi Doktor ya bar kati, ga shi na san yadda ake sakin ta. Da na faɗi haka da motar ta zauna, gobe in goge ta, watakila ma a riƙa barina ina shiga. Amma Doktor ba zai bar kati ba. Ko ya bari, ni ba kullum nake nan ba, ina zuwa layin iƙama, kuma ban san ranar da za a ce in tattara in koma gida ba. Baba ba ya ganin rubutun allo. Na dubi bayansa a lanƙwashe. Inna ta biyo mu har rabin gangara ta tsaya.

Na ce, “Zai sake, Hajja. Motar ba ta da laifi, wallahi babu irinta. Amma ba don garejinmu aka ƙera ta ba. Duk motar da ke nan sai ta yarda a tura ta, ita kuwa ba ta yarda.”

“Ɗana cewa zai yi garejin ne ya tsufa, ba motar ba.”

Gaskiya ce ai. Ta daɗe tana kallon Baba, shi kuma yana kallon hularsa. Sannan ta miƙa wa direba hannu ya tayar da ita.

“Dole motar ta bar garejin. Kai za ka gaya wa Doktor, tunda kai ka kawo shawarar wurin.” Ta zauna a mota, ta gyara mayafi, ta ƙara da cewa, “Na ji lauyan hawa na biyar ma yana son irinta. Ban san me zan ce masa ba, ya Hajj. Ban yi maka alkawarin komai ba.”

Da Doktor ya dawo na bari ya huta, na sake yi masa gaisuwar rasuwa, sannan na faɗa masa. Ya ce, “Kai? Kai da kake goge ta kamar amarya?” Na ce ni. Na so in ba shi labarin kujerar, in ce masa na ji sanyin, yana da gaskiya. Bai tsaya ba. Ya shiga, ya hau gangara, babu ƙara, kwanukan Inna kawai suka amsa.

Yanzu a titi take kwana, hanci da hanci da ta Bashmuhandis. Tunda wuri ɗaya suke ajiyewa, dole ta sa suka fara gaisawa, yanzu har shayi suke sha tare a bakin kanti, suna musu a kan sigina da shokazoba baki da baki. Ba sa bukatar ɗan aike.

Baba ya yi kwanaki a kwance, Inna tana gasa masa baya da ruwan zafi. Suna nan a ɗakinsu. Lauyan bai saya ba tukuna. Duk sanda ya sauko da safe sai na duba fuskarsa, Baba ma haka.

A bangon garejin akwai wata 'yar taga mai ƙarafa, can sama, daidai da daɓen titi. In na taka bokiti ina hango tayoyinta. Na bayan sun fara sulɓi, ya kamata wani ya gaya wa Doktor. Ɗazu ma ina kan bokitin Baba ya kira ni daga ƙurya.

“Ɗan nan, sauko. Mai farar nan zai fita, akwai uku a gabansa.”

Na sauko na sa kafaɗa.